Gani Ya Kori Ji: Sharhi a Kan Darasin Kimiyya a Makarantun Sakandare

  Iyaye maza da iyaye mata, malaman makaranta, da ku 'yan makaranta da kuka matso kusa da akwatin rediyo, ina gaishe ku baki ɗaya.

Sharhinmu na yau a kan darasin kimiyya ne, wanda ake koya wa 'ya'yanmu a sakandare. Magana ɗaya nake tafe da ita, kuma za ku ji ina nanata ta. Yaron da bai gani da idonsa ba, bai taɓa da hannunsa ba, bai gwada da kansa ba, bai koyi kimiyya ba tukuna. Hadda ya yi. Hausawa suka ce gani ya kori ji, kuma a duk darussan makaranta babu wanda wannan magana ta fi shafa irin kimiyya.

Bari mu fara da halin da ake ciki.

A Najeriya, yaro yakan yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana karanta kimiyya a dunƙule. Da ya shiga babbar sakandare, sai a raba masa ita gida uku. Ga fiziks, mai magana a kan zafi da haske da motsi da lantarki. Ga kemistiri, mai magana a kan sinadarai da abin da ke faruwa in sun haɗu. Ga kuma bayoloji, mai magana a kan duk abin da ke da rai, tun daga ƙwayar da ido ba ya gani har zuwa ɗan Adam. A Nijar ma kusan haka tsarin yake, sai dai can fiziks da kemistiri tafe suke tare, kuma da Faransanci ake karatun.

Tsarin ba shi da laifi. Matsalar tana wajen koyarwa. A makarantu da dama, allo da alli su ne ɗakin gwaje-gwaje. Malam zai zana kwalba, ya zana bututu a samanta, ya ce in an ɗiga wannan ruwa a cikin wancan launi zai canza. Yara su kwafa a littafi, su ja layi da jan biro. Babu wanda ya ga launin. Wata makarantar kuwa akwai ɗakin, amma da kwaɗo a ƙofa. Ƙura ta rufe tebura, famfo ba ruwa. Ba a buɗe shi sai jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato. A lokacin ne yaro zai fara riƙe kwalbar awo, hannunsa na rawa, tsoron kada ta fashe ya fi masa abin da ke cikinta.

Ku ɗauka an kai yaro koyon ɗinki. Shekara uku ana zana masa keke a allo, bai taɓa ɗora ƙafa a kansa ba. Wa zai ba shi yadinsa na Sallah?

Ban ce laifin malamai ne kaɗai ba. Malami ɗaya, aji cike maƙil, manhaja doguwa, albashi ba ya kaiwa ƙarshen wata. Da yawansu ma haka aka koya musu, a allo. Amma wanda ke cutuwa a ƙarshe shi ne yaro. Yana fita da takarda a hannu, yana ganin fiziks daban, kemistiri daban, bayoloji daban, kuma duka ukun ba ruwansu da gidansu.

To, yanzu mu bar aji. Ku biyo ni mu je Jigawa.

Marigayi Malam Mohammed Bah Abba malamin makaranta ne, ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar da ke Dutse. Daga gidan magina tukwane ya fito, don haka tun yana yaro ya san yumɓu. Ya kuma karanta bayoloji da kemistiri. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne halin manoman karkara. Ba lantarki, ba firji. Manomi ya tsinko tumatir da tattasai da alayyafo, in bai sayar yau ba gobe sun fara lalacewa. Dole ya karya farashi. Dole a ɗora wa yarinya talla kullum, makaranta kuwa sai dai ta gani daga nesa.

A shekarun 1990 ya fito da wata dabara, kuma ina so ku saurari sauƙinta. A samu tukunyar ƙasa babba. A samu ƙarama a saka a cikinta. A cika tsakaninsu da yashi. A jiƙa yashin sharaf. A zuba kayan lambu a ƙaramar, a rufe bakinta da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Safe da yamma a ƙara wa yashin ruwa. Shi ke nan. Gautan da ke yin kwana uku ya yanƙwane, a cikin tukunyar nan ya kai kwana 27. A shekarar 2000 wannan aiki ya ci lambar yabo ta Rolex, a shekarar da ta biyo baya kuma mujallar Time ta Amurka ta saka shi cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekara.

Tambayar da nake so kowane ɗan sakandare ya yi ita ce, me ya sa? Me ya sa cikin tukunyar ke yin sanyi?

Ga amsar fiziks. Tukunyar ƙasa tana da 'yan ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ruwan yashin nan yana tsattsafowa ta cikinsu zuwa bayan tukunya. Busasshiyar iska ta kwashe shi. Amma ruwa ba ya tashi ya bi iska sai ya sami zafi. Daga ina zai samo zafin? Daga jikin tukunya, daga yashi, daga abin da ke ciki. Duk ɗigon da ya tashi, da ɗan zafi yake tafiya. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan. Dalilin da ya sa kake jin daɗi in iska ta buga ka bayan ka yi gumi ke nan.

Ga amsar bayoloji. Abin da ke ruɓar da tumatir rayayye ne. Ƙwayoyin bakteriya ne da fumfuna, kuma zafi ne ke sa su hayayyafa da sauri. In wuri ya yi sanyi, sai su yi kasala. Sannan shi kansa tumatirin, ko bayan an tsinke shi, bai mutu ba. Yana numfashi, yana ƙona abincin da ya tara, yana zubar da ruwan jikinsa. Sanyi da danshin tukunya suna rage masa wannan asara.

Ga ta kemistiri. Nuna da ruɓa duk aikin sinadarai ne, kuma ƙa'ida ce cewa sinadarai sun fi saurin aiki a cikin zafi. Tumatir ma har wata iska yake fitarwa, ana kiranta etilin, mai gaggauta nunarsa da ta na kusa da shi. Rage zafi, ka rage gudun abin gaba ɗaya.

Kun gani, masu sauraro? Darussa ukun da aka raba wa malamai uku da littattafai uku, ga su sun haɗu a tukunya biyu da yashi. Kuma ga wata tambayar a kan ta farko. Me ya sa tukunyar ta fi aiki da bazara da hunturu, amma da damina sai ta yi rauni? Me ya sa ta fi amfani a Dutse a kan Fatakwal? Saboda iskar damina da ta bakin teku ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin ɗaukar ƙari. Yaron da ya haɗa tukunyar da hannunsa, ya sa hannu a ciki watan Afrilu, ya sake sawa watan Agusta, shi zai gano wannan amsa da kansa. Kuma ba zai manta ba har ya tsufa. Gani ya kori ji.

Daga nan mu shiga madafa, wurin iyayenmu mata.

Uwar gida, ki ba ɗanki ko 'yarki ruwan zoɓo marar sukari, a raba shi kofi uku. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a matsa masa lemon tsami. Za ku ga jansa ya ƙara haske. Na uku a zuba masa ruwan kanwa kaɗan-kaɗan. Ku zuba ido. Jan zai dushe, ya yi duhu, ya karkata wajen kore. Yanzu a ɗauko lemon tsami a yi ta matsawa a wannan kofi na uku. Kumfa za ta taso, za ku ji yana ɗan tsuwa, sannan a hankali jan ya dawo.

Abin da yaron nan ya gani shi ne babin asid da kishiyarsa alkali, babin da ke cin ɗalibai a jarrabawa. Lemon tsami asid ne. Kanwa alkali ce. Zoɓo kuwa shi ne mai shaida, launinsa ke faɗa maka wanda ya rinjayi wani. Kumfar nan iskar kabon dayoksaid ce, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda kuma ganye ke sha don haɗa abincin tsiro. Ke kuma uwar gida kin daɗe da sanin aikin. Duk ranar da kika sa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami, abin da kika yi ke nan. Bambancin kawai, ba a taɓa gaya wa ɗanki cewa abin da ke littafinsa shi ne abin da ke tukunyarki ba.

Kai ma manomi kana da darasi a gonarka. Tumɓuke gyaɗa ko wake ɗaya, ka kakkaɓe ƙasar, ka nuna wa yaro saiwar. Zai ga 'yan ƙululai manne da ita. A fasa ɗaya da farce. Mai lafiya cikinsa ja-ja ne. A nan wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune, suna kamo naitirojin daga iska suna mai da shi abincin shuka. Naitirojin ɗin nan shi ne kake saye da tsada a buhun takin yuriya. Kakanninmu da ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya sun san ƙasa na jin daɗin haka. Bayoloji ne ya zo ya faɗi dalili.

Malaman Kano kuwa ga marinar Ƙofar Mata a kusa da su, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. A kai ɗalibai su tsaya a bakin rijiyar baba. Zane yana fitowa daga ciki kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonsu. Aikin iskar oksijin ne. Minti kaɗan a wurin ya fi shafi goma na kwafe.

To, a nan na san wani zai tare ni. Zai ce, malam, in haka ne ashe ba ma bukatar ɗakin gwaje-gwaje, zoɓo da kanwa sun isa. A'a. Ko kusa ban ce haka ba, kuma kada wani mai riƙe da kuɗin ilimi ya fake da maganata.

Tun kaka da kakanni an san randa na sanyaya ruwa. Sanin haka ba shi ne kimiyya ba tukuna. Kimiyya tana farawa ne ranar da aka ce, sanyin nawa ne? A kawo ma'aunin zafi. A auna ciki, a auna waje, a rubuta. A canza yashi, a sake aunawa. A kai tukunyar rana, a sake aunawa. In sakamako ya saɓa wa zatonka, ka bi sakamako ka bar zato. Wannan tarbiyya ce, kuma tana bukatar kayan aiki. Zoɓo zai nuna maka launi, amma ba zai faɗa maka ƙarfin asid daidai ba sai da kwalbar awo. Akwai kuma abin da babu madadinsa a gida, wato madubin ganin ƙwayoyin halitta. Yarinyar da ta ɗiga ruwan kududdufi a ƙarƙashinsa, ta ga abubuwa suna yawo a ciki, ba ta bukatar a yi mata doguwar nasiha a kan tafasa ruwan sha.

Kuma mun taɓa gwadawa mun ga amfani. A shekarar 1977 gwamnatin jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka zaɓo yara ta hanyar jarrabawa, aka ba su malamai da ɗakunan gwaji. Ku shiga asibitoci da jami'o'i da ma'aikatun Kano da Jigawa a yau, ku tambayi likitoci da injiniyoyi inda suka yi sakandare. Za ku sha jin sunan Dawaki. Yaranmu ba su rasa ƙwaƙwalwa ba. In an ba su kayan aiki, suna yi.

Yanzu zan juya ga ɓangaren da ya fi damuna. Wani na ganin kimiyya ta mai son zama likita ce kawai. Ni kuwa ina ganin ta kowa ce, domin wani lokaci rai ne a kanta.

Ku ɗauki lokacin hunturu. Sanyi ya tsananta, a shigar da kaskon garwashi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga. Ko a ajiye janareta a soro ko a baranda, a kulle gida saboda ɓarayi. Gawayi ko fetur in yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi. Ba ta da wari. Tana shiga huhu, ta kama sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin, kuma kamunta ya fi na oksijin ƙarfi sau 200 ko fiye. Mutum ya fara jin ciwon kai da jiri da kasala. Ya ce bari ya ɗan kwanta. Da safe a ɓalle ƙofa a tarar da iyali guda. Sai a shiga zargin abincin dare, ko a ce sammu ne. Wannan bayani yana cikin littafin kemistiri da na bayoloji na babbar sakandare. Ɗalibi ɗaya da ya fahimce shi, fahimta ba hadda ba, ya isa ya tashi cikin dare ya fitar da kaskon ya buɗe taga.

Ku tuna kuma abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Masu neman zinariya suna kawo duwatsu cikin gida, ana dakawa, ana niƙawa. Duwatsun na ɗauke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Iyayen nan neman halaliyarsu suke yi, ba su san dutse na iya zama guba ba. Ba a taɓa nuna musu ba. Shi ya sa nake cewa darasin kimiyya ba na masu farar riga ba ne su kaɗai.

Saura abu biyu, kuma zan taƙaita.

Na farko harshe. Jarrabawa da Turanci ake yi, ko da Faransanci, wannan ba gardama. Amma malam, in ka ga idanun yara sun yi zuru-zuru ba su gane ba, sauko ka yi musu bayani da Hausa. In sun kama ma'anar, sai ka ɗora musu sunan da za su rubuta a takarda. Wannan ba ragwanci ba ne. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a Nijar, masanin fiziks ne da ya ƙare rayuwarsa a kan binciken makamashin hasken rana, kuma sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. Tun a 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka, yana kira da a koyar da yara da harsunansu.

Na biyu 'ya'ya mata. Kada a ce wa yarinya fiziks ya fi ƙarfinta. Mu ne ke kukan rashin likitoci mata da ungozomomi a asibitocinmu. Hanyar zuwa can ta ajin kimiyya ta bi, ba ta da wata ƙofa.

Kafin mu yi sallama, ga saƙona gare ku.

Malaman kimiyya, na san nauyin da ke kanku, Allah ya saka muku da alheri. Ina roƙonku abu ɗaya. Kada mako ya wuce ba ku shiga aji da wani abu a hannu ba, ko da saiwar gyaɗa ce, ko batir da waya da ƙwan tocila. Ku bar yara su taɓa.

Iyaye, in yaro ya dawo daga makaranta, kada tambayar ta tsaya a kan na nawa ya zo. Ku ce masa, yau me ka gani? Me ka gwada? In ya dame ku da tambayar me ya sa, ku yi haƙuri da shi, kada a ce ya cika surutu. Ranar taron iyaye da malamai kuma, wani ya miƙe cikin ladabi ya ce a buɗe ɗakin gwaje-gwaje iyaye su gani. Ku duba ko akwai ruwa. Ku duba ko akwai madubin ganin ƙwayoyin halitta. Abin da ya fi ƙarfinku, ku rubuta ku kai wa hukumar ilimi da ɗan majalisarku, ku kuma koma ku tambayi inda aka kwana.

Ku kuma 'yan makaranta, samari da 'yan mata, ga aikin gida daga gare ni. A ƙarshen makon nan ku nemi izinin Inna, ku ari tukunya biyu, ku ɗebo yashi. Tumatir ɗaya a ciki, ɗaya a waje a inuwa. Kullum da safe ku duba, ku rubuta abin da kuka gani a bayan littafinku, da kwanan wata. In kun gama ku kai wa malaminku ya gani.